Abin da Turawa suka tsinta a Jos, da abin da muka bari a Kaduna

A watan Oktoba na 2013 hukumar BBC ta tara 'yan jarida a Landan ta ba su labarin da masu son wani tsohon shirinta suka shafe kusan shekara arba'in suna jira. An gano kashi tara na Doctor Who waɗanda aka daɗe da fid da rai a kansu. Wurin da aka gano su shi ne ya shafe mu: wani ɗakin ajiya na tashar talabijin a Jos. Wani Bature mai suna Philip Morris, wanda ya mai da farautar ɓatattun finafinai sana'arsa, shi ya tarar da gwangwanayen jere a kan kanta, ƙura ta rufe su, da sunan shirin a rubuce a jikinsu. Kashi biyar na labarin The Enemy of the World ne, huɗu kuma na The Web of Fear, duka baƙi-da-fari, duka an nuna su a Ingila tsakanin ƙarshen 1967 da farkon 1968. Kafin ranar kashi 106 ne ake lissafin sun ɓata. Bayanta suka koma 97. Nan take aka gyara su aka sa a kasuwa, Turawan da suka gan su suna yara suka saya suna tsofaffi.

Na kawo wannan labari ne saboda wani wasa da ya zama ruwan dare tsakanin waɗanda suka haura shekara 45 a cikinmu, musamman idan tsofaffin ɗalibai suka haɗu wurin ɗaurin aure ko a zaurukansu na WhatsApp. Wani zai jefo tambaya: wa ya tuna sunan malamin nan na Mind Your Language? Yaya sunan matar Frank Spencer? Kafin a ƙifta ido amsoshi sun zo: Mista Brown, Betty. In gardama ta tashi, waya na hannu, minti ɗaya ya isa a raba ta. Za a gaya maka cewa Mind Your Language ya fara a 1977, an tsayar da shi a 1979, an sake tayar da shi a 1986, kashinsa 42. Za a gaya maka cewa Michael Crawford, wanda ya fito a Frank Spencer cikin Some Mothers Do 'Ave 'Em tsakanin 1973 da 1978, da kansa yake yin duk faɗuwar nan da rataye-ratayen nan masu haɗari, bai yarda a sa wani a madadinsa ba. Wani ma zai ba ka mamaki da cewa Mr. Bean, wanda yara suka ɗauka ba ya ƙarewa, kashi 15 ne kacal, daga 1990 zuwa 1995. Maimaitawa ce ta sa ya zama kamar kogi.

Wasan ba shi da laifi, yana da daɗi, kuma ba na cikin masu ganin tuna shi wani nau'in bautar Turawa ne. Sai dai a gwada juya tambayar. Kashi nawa aka yi na Samanja? Wace rana aka fara nuna Karkuzu? Su wa suka rubuta Kuliya? Nan za ka ga zauren ya rabu, kowa da shekarar da ya tuna, wayar da ta raba gardamar Mista Brown kuma ta yi shiru, ko ta kawo ɗan guntun bidiyo mai hazo da wani ya ɗora a YouTube ba kwanan wata. Ra'ayina shi ne wannan bambanci ya fi duk tambayoyin muhimmanci, kuma dalilinsa ba shi ne wanda muke saurin faɗa ba.

Bari mu fara da yadda kayan Ingila suka zo mana. Talabijin ya shigo Najeriya ta Ibadan, ranar 31 ga Oktoba 1959, a zamanin Awolowo. Arewa ta bi baya a 1962, lokacin da gwamnatin Sardauna ta kafa kamfanin watsa labarai na BCNN a Kaduna tare da kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI, aka buɗe tashar da aka sani da RKTV. Jos ta samu tata a 1974 a zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, ita ce kuma ta fara nuna hoto mai kala a ƙasar nan. A 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin a ƙarƙashin hukuma ɗaya, wadda ta zama NTA, sannan a farkon shekarun 1980 Abubakar Rimi ya kafa wa Kano CTV, wadda yau take ɗauke da sunansa. Kowace daga cikin tashoshin nan tana da matsala iri ɗaya: sa'o'i da yawa da za ta cike tun daga la'asar har tsakar dare, ga kuɗi kaɗan, ga ɗakin ɗaukar shiri ɗaya ko biyu. Shirya wasan kwaikwayo na rabin sa'a yana cin 'yan wasa da masu kyamara da kwanaki. Hayar tsohon shirin BBC ko na ITV kuwa araha ce, domin masu shi sun riga sun ci ribarsu a gida.

Yadda ake aiko su ma abin sani ne. A Ingila akan ɗauki shirin a kan kaset, sannan a kwafe shi a kan fim mai faɗin milimita 16 domin ƙasashen waje. Ba a yi wa kowace ƙasa nata kwafi. Gwangwani ɗaya ne zai tashi daga wannan tasha zuwa waccan, daga Ostareliya ko Hong Kong ko Singafo, har ya iso Afirka, tsarin da su masu sana'ar suke kira da sunan keke. Tashar da ta zama zangon ƙarshe ana umartar ta da ta mayar da fim ɗin Landan ko ta lalata shi. A Jos ba a yi ko ɗaya ba. An ajiye, an manta, sanyin garin kuma ya yi nasa taimakon. Wato abin da ya ceci tarihin BBC shi ne wani ma'aikaci da bai cika umarni ba. Kuma ba wannan ne karon farko ba: tun a tsakiyar shekarun 1980 an mayar wa BBC wasu kashi na shirin daga Najeriya.

Yanzu me muka kalla? A nan ina ganin tunanin ƙuruciya yana yi mana ado. Mind Your Language aji ne na yaƙi da jahilci, na baƙin da suka zo Landan suna koyon Turanci: Ali ɗan Pakistan, Ranjeet Basikhe, Giovanni ɗan Italiya, Su-Lee 'yar Sin da ɗan littafin Mao a hannunta. Dariyar duka a kan karyayyen Turancinsu take, da kan halin da Bature ya ɗora wa kowace ƙabila. Michael Grade, ɗaya daga cikin shugabannin tashar da ta yi shi, shi ya tsayar da shi, saboda yana ganin zolayar ta wuce gona da iri. Mu kuwa muna zaune a Kano da Zariya muna ƙyalƙyala dariya, muna tsaye a bayan malami, alhali da safe mu ne ake rubuta sunayenmu a makaranta don mun yi Hausa a aji. Akwai wani kashi a zangon farko inda baƙar fata ya shigo ajin, Mista Brown ya ɗauka sabon ɗalibi ne ya zaunar da shi, ashe sufeton makarantu ne. Ɗan Ghana Gyearbuor Asante ne ya fito a matsayin. Wannan ne kusan kawai wurin da shirin ya juya ya yi wa kansa dariya. Love Thy Neighbour, wanda aka yi daga 1972 zuwa 1976, ya fi haka tsauri: Bature da maƙwabcinsa baƙar fata suna jifan juna da baƙaƙen maganganu na launin fata. Manyan tashoshin Ingila sun daina maimaita shi. A Najeriya an so shi, ina jin domin baƙin, wanda Rudolph Walker ɗan Tirinidad ya fito a matsayinsa, shi ne yawanci yake yin galaba, matan biyu kuma aminan juna ne da suka fi mazajensu hankali.

Frank Spencer ne kaɗai ba ya bukatar fassara. Mutumin da duk abin da ya taɓa sai ya karye, yaro da bai iya ko gaisuwa da Turanci ba yana gane shi, domin ya riga ya san wawa a tatsuniya. Shi ya sa shi da Mr. Bean suka fi sauran nisan tafiya a ƙasar Hausa.

A nan ya kamata a yi wata tambaya da masu wasan tuna baya ba su cika yi ba: ƙuruciyar wa ake nufi? Idan muka ce "duk mun kalla", su wa ke cikin "mun"? Yaron da ya tashi a Nasarawa ko unguwar ma'aikata a Kaduna, gidansu da lantarki da akwati a falo, shi ne ya san jerin shirye-shiryen mako. Yaron da ya tashi a gari irin Lajawa a ƙasar Wudil, ko da yake tsakanin Wudil da Kano tafiyar kimanin kilomita 40 ce, duniyarsa daban ce. A garuruwa irin wannan, inda aka samu akwati to na wani mai hali ne ko na gidan kallon da hukuma ta kafa, ana kunna shi da batirin mota ko janareta, eriya a kan doguwar gora, yara a tsugune a ƙasa, manya a kan benci. Batir kuwa ba a ɓata shi a kan Turancin da ba a ji. Ana adana shi domin labarun Hausa, da kokawa, da ƙwallo, da wasan kwaikwayo. Kafin akwatin ma majigi ne, motar gwamnati da ke zuwa ta kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ta nuna fim ɗin noma ko na tsafta. Abin da ya haɗa yaron birni da na ƙauye a lokacin shi ne Rediyon Kaduna, da muryoyin Zaman Duniya Iyawa Ne, da Samanja.

Wato shirye-shiryen Ingila ƙuruciyar 'yan tsiraru ce, 'yan tsirarun da yau suka zama likitoci da lauyoyi da manyan sakatarori, waɗanda su ne ke rubutu, su ne kuma ake jin muryarsu. Abin da mafi yawan jama'a suka gani da idonsu, da harshensu, shi ne ba a rubuta ba.

Kuma abin da aka yi da Hausa ba ƙaramin abu ba ne. Usman Baba Pategi, Banufe, tsohon soja, ya ɗauki Hausar bariki, wadda ta cakuɗe da Turancin fareti da na kasuwa, ya gina Samanja a kanta. A sa shi gefe ɗaya da Mind Your Language a gani. Dukansu dariyar harshe ce. Amma a ajin Mista Brown akwai mai daidai guda ɗaya, sauran duk masu kuskure ne. A barikin Samanja kuwa mai karya harshen shi ne mai iko, shi ke ba da oda, mai kallo yana yi masa dariya yana kuma jin tsoronsa, kamar yadda talaka ya san soja a shekarun mulkin soja. Wannan wasa ya fi wancan zurfi, kuma ba don namu ne na faɗa ba. Kasimu Yero ya yi wasannin Hausa a Kaduna, ya kuma fito a Cock Crow at Dawn, wanda NTA ta ɗauka a yankin Jos daga 1980 domin jawo hankalin jama'a ga noma. Abdullahi Shu'aibu ya yi Karkuzu a Jos. A Kano an yi Kuliya, zaman kotun alƙali da ya koya wa mutane da yawa yadda shari'a take tafiya. Har shi Mind Your Language ɗin an yi masa riga ta gida: Second Chance da Turanci, Jami'ar Albarkawa da Hausa. Daga irin ƙungiyoyin wasan kwaikwayon da suka yi wa talabijin aiki ne Kannywood ta fito. Tumbin Giwa, wadda ta yi Turmin Danya a 1990, ɗaya ce daga cikinsu. Rabilu Musa Ibro, ɗan Ɗanlasan da ya yi zamansa a Wudil, jikan wannan makaranta ne ko da bai zauna a ajinta ba.

Ibro ya rasu a Disamban 2014, Kasimu Yero a Satumban 2017, Samanja a Nuwamban 2023, Karkuzu a 2025. Kowannensu ya tafi da amsoshin tambayoyin da ba mu yi masa ba.

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce Bature ya iya ajiya, mu ba mu iya ba. Labarin Jos da kansa ya ƙaryata wannan. BBC da hannunta ta shafe shirye-shiryenta. Kaset ɗin wancan zamani, mai faɗin inci biyu, yana da tsada, ana kuma iya sake ɗauka a kansa, don haka da an nuna shiri sai a goge a ɗora wani. Yarjejeniyar da aka yi da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita yawan maimaitawa, saboda haka tsohon shiri kaya ne da ba a iya sayarwa a gida. Da hoto mai kala ya zo a ƙarshen shekarun 1960, sai aka ga baƙi-da-fari ya zama tsumma. Haka aka yi ta gogewa da ƙonawa har zuwa 1978, lokacin da hukumar ta farga ta tsayar. Babu wani dalili a cikin waɗannan da ma'aikacin talabijin na Kaduna ko Kano bai sani ba, shi da kaset ɗinsa ma daga waje ake sayo shi da kuɗin ƙasar waje. Talauci da gajeren hangen nesa iri ɗaya ne a Landan da Kaduna.

Abubuwa biyu ne suka raba mu. Na farko masu kallo. Tun a shekarun 1960 akwai yaran Ingila da ke kafa makirufo a gaban akwati suna naɗar sautin Doctor Who, shi ya sa duk kashin da hotonsa ya ɓata sautinsa yana nan. Da suka girma su ne suka matsa wa BBC lamba, su ne suka riƙa rubuta wa tashoshin Afirka da Asiya wasiƙu suna tambaya. Na biyu, wanda a ganina ya fi girma, takarda. BBC ta ƙona finafinai amma ba ta ƙona rajista ba. An san sunan kowane kashi, da ranar da aka nuna shi, da ƙasar da ta saya. Philip Morris bai je Jos da ka ba. Takardu ne suka nuna masa hanyar da gwangwanayen suka bi. Har kashi na uku na The Web of Fear, wanda ba a samu dawo da shi tare da 'yan'uwansa ba, an san abin da ke cikinsa, ana kuma ci gaba da cigiyarsa. Mai cigiya sai ya san kamannin abin da ya ɓata. Mu ba mu kai ga cigiya ba tukuna, domin ba mu ƙirga abin da muka mallaka ba.

Kada a ce abin ya gagara, domin an riga an gani. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗauka ya salwanta. A 2016 aka gano shi cikin tarin gwangwanaye a wani tsohon ginin Hukumar Finafinai ta Najeriya a Legas. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Abin farin ciki ne, amma akwai ɗan ɗaci a ciki: 'yan fim na Legas ne suka tono shi, Jamusawa suka wanke shi, mu masu harshen muka zo kallo.

Kuma shirye-shiryen talabijin sun fi Shaihu Umar shiga haɗari. Fim yana iya yin shekara hamsin a kan kanta in ya samu sanyi. Kaset ɗin bidiyo ba shi da wannan juriya: zafi da laima suna sa shi ya manne, ya yi fumfuna, hoton ya zube. Na'urorin da ke karanta U-matic da Betacam an daina ƙera su, injiniyoyin da suka san gyaransu suna yin ritaya, ko na'urar VHS ta gida kamfani na ƙarshe da ke yin ta ya daina a 2016. Ɗakin ajiya a Kano a watan Afrilu ba Jos ba ne.

Wuraren da za su iya ɗaukar aikin suna nan. Akwai ma'adanar finafinai da sauti ta ƙasa a Jos, akwai Gidan Arewa a Kaduna, akwai Gidan Ɗan Hausa a Kano, akwai masana harshe da aikin jarida a Jami'ar Bayero, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil da ɗalibanta na kwamfuta da ke neman aikin kammala karatu mai ma'ana. Amma ban ga dalilin jiran kasafin kuɗi ba kafin a fara matakin da ba ya cin komai, wato jeri. Sunan shiri, tashar da ta yi shi, shekarun da ya yi, marubuci, mai shiryawa, 'yan wasa da sunayen da suka fito da su. Furodusoshi da masu kyamara na wancan zamani da yawa suna raye, suna zaune a Tudun Wada da Gwammaja da Unguwar Rogo, kuma babu wanda ya fi tsohon ma'aikaci son a tambaye shi aikinsa. Tsofaffin kwafin Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian suna nan a ɗakunan karatu, a ciki za a tsinci ranaku. Sannan akwai gidajenmu: iyalan da suka sayi bidiyo a shekarun 1980 sun naɗi shirye-shirye daga akwati, kaset ɗin suna cikin adaka tare da na bikin aure, magada kuma suna zubar da su duk lokacin da aka raba gado ko aka sāke gida.

Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da ke iya tara miliyoyi ta gyara masallacin makaranta ko ta haƙa rijiyar burtsatse tana iya sayen na'urar juya kaset zuwa kwamfuta, ta ɗauki ɗalibai biyu aiki na shekara guda. Lauyoyin cikinta su zauna da NTA da ARTV a kan batun haƙƙin mallaka, domin tashoshin ne ke da kayan, iyalan 'yan wasan kuma suna da rabo a duk abin da zai fito. Wanda ya fi kowa iya amsa tambayar Mista Brown a zauren, shi ya kamata a fara ba takarda da biro a tura shi gidan tsohon furodusan da ke unguwarsu.